Tambayoyi Goma Sha Ɗaya Kafin Mota

A Babban Duhu, idan ka tara yaran gari ka ce duk wanda hannun Tasalla ya fara taɓawa a duniya ya ɗaga yatsa, gara ka ƙirga waɗanda ba su ɗaga ba, don su ne kaɗan. Ungozoma ce, kuma ba jiya ta fara ba. Ranar ƙaramar salla aka haife ta, sunan ranar ya bi ta har ya danne na yanka. A wajen kakarta ta koyi aikin, ta yi ta yi har ta kai idan ta ɗora tafin hannu a kan ciki za ta faɗi yadda ɗan ya kwanta, kuma da wuya a ga saɓani.

Baki gare ta, wannan kowa ya shaida. Miji in ya cika zarya a ƙofar gida matarsa na naƙuda, sai ta leƙo ta ce masa, "Malam, koma gona. Naka aikin ai ka gama shi tun wata tara." Amma abin da aka fi yabonta da shi ba bakin ba ne, ba ma hannun ba ne. Kai gare ta. Ba a taɓa ganin ta ruɗe ba. Ɗaki zai cika da salati da kuka, tsofaffi na kawo shawara goma a lokaci guda, ita kuwa sai ta kori kowa ta bar mutum biyu, ta ce wannan ta riƙe nan, waccan ta kawo ruwa, abu ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta ta san da wannan baiwa, kuma tana ji da ita ƙwarai.

Mijinta Malam Hamidu ya daɗe da rasuwa. 'Ya'ya huɗu ya bar mata, babbarsu Fiddausi. Da yake 'yar fari ce, Tasalla ba ta taɓa kiran sunanta ba. Haka ta tarar ana yi, haka ta yi. "Ke" take ce mata, in za ta ba wani labarinta kuwa sai ta ce "'yar gidan nan". Ba ta wasa da ita a gaban mutane, ba ta yaba girkinta, ranar da aka kai ta ɗakin Sharhabilu a Runka ma ko hawaye ba ta bari an gani ba. Wanda bai san al'ada ba zai ɗauka ba ta damu da ita ba, alhali duk cikin huɗun ba wadda take so kamarta.

Shekarun baya abubuwa suka rikice. 'Yan bindiga suka mayar da hanya abin tsoro, malamar asibitin da ke zuwa mako-mako ta daina zuwa, masu mota suka daina amsa kiran lambar da ba su sani ba, domin an sha yaudarar direba da kiran mara lafiya a tare shi a daji. Mai ciki in haihuwa ta zo mata da gardama sai dai addu'a. A damina ɗaya Tasalla ta wanke gawar mata uku da ta san da an kai su Safana da sun tashi.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta ɓullo da tsari. Ta ajiye direbobi da man fetur a shirye, ta raba wa ungozomomi wayoyi masu manhaja ɗaya tak a ciki, ba a kira da su, ba a komai sai aikin. In saƙo ya fito daga manhajar, direba ya san na gaskiya ne, sai ya taso. Aka tara ungozomomin Safana da na Batsari a wani ɗakin taro a Batsari, kwana uku ana koya musu. Mai koyarwar wata budurwa ce, Sadiqa, haifaffiyar garin, wadda ta karanci kwamfuta, kuma da hannunta aka gina manhajar. Yarinya mai ladabi, har ƙasa take durƙusawa ta gaida su. Tasalla ta so ta tun ranar farko.

Abin da aka nuna musu da fari bai da wuya. Kowace ungozoma za ta yi wa masu cikin ƙauyenta rajista tun da wuri, da hotonsu. Ranar da aka shiga matsala sai ta danna hoton matar, ta danna jan madanni, shi ke nan mota ta taso. Tasalla ta yi ajin yaƙi da jahilci tana matashiya, tana iya haɗa baƙi a hankali, don haka ta riga da yawa ganewa. A rana ta biyu ta ɗaga hannu.

"Ɗiyata, baƙuwa fa? Wadda ba hotonta a ciki?"

"Sai ki yi mata sabuwar rajista, Inna," in ji Sadiqa. "Tambayoyi goma sha ɗaya ne kawai. Minti biyar kin gama."

"Mai zubar da jini ai ba ta da minti biyar na bayarwa."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Sadiqa ta ce masu ɗaukar nauyin aikin suna son cikakken bayani a kan duk wadda aka ɗauka, kuma ta ja musu kunne sosai: kada wadda ta kira mota da sunan da ba na mara lafiyar ba, duk wadda aka kama za a karɓe wayarta, ƙauyenta ya fita daga tsarin. Sannan aka gwada su. A ƙarƙashin fanka, da lemo mai sanyi a gabanta, da Sadiqa tsaye a kafaɗarta tana nuna mata inda za ta taɓa, Tasalla ta cika tambayoyin nan cikin minti bakwai. Har tafi aka yi mata.

Kuma a gaskiya wayar ta yi rana. Sau huɗu Tasalla ta hau tudun filin Idi, inda nan kaɗai ake samun sabis a garin, ta danna hoto ta danna ja, Armaya'u mai a-kori-kura ya iso daga Safana kafin a gama haɗa kayan mai naƙuda. Duk huɗun sun dawo da goyo. Ta ɗinka wa wayar jakar yadi, tana rataye da ita a wuya, ba mai taɓa mata ita.

Da cikin Fiddausi ya shiga wata na bakwai, Sharhabilu ya kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa duk mai haihuwar fari: ta zauna a gidan iyayenta ta haihu, ta yi wankan jego, sannan ta koma. Shekararta ashirin da biyu, ta daɗe tana jiran cikin nan. Ungozomar Runka ta riga ta yi mata rajista a can, da hoto da komai. Tasalla ta duba tata wayar ba ta ga fuskar ba. Ta ce a ranta ai ƙungiya ɗaya ce, waya iri ɗaya ce, wanda aka rubuta an rubuta shi. Amma zuciyarta ba ta kwanta ba. A taron ƙarshen wata ta yi niyyar tambaya, har ta buɗe baki, sai ta ga maza biyu na ƙungiyar zaune a gaba. Ta yaya dattijuwa kamarta za ta miƙe a gaban maza tana zancen cikin 'yarta ta fari? Ta haɗiye maganar, ta yi tambaya a kan cajin sola.

Waɗanda suka tsara manhajar kuwa sun ɗaure kowace mace da ƙauyen mijinta, kamar ba a ƙasar nan aka haife su ba. Ko mutum ɗaya a cikinsu bai tuna cewa mai cikin fari ba a ɗakinta take haihuwa ba, alhali ita ce wadda aka fi jin tsoron haihuwarta.

Ranar Talata ce, tsakiyar damina. Maza sun fita gonakin nesa tun da sassafe, a gungu, don yanzu ba mai zuwa shi kaɗai, kuma da baburan garin suka tafi. Naƙuda ta kama Fiddausi bayan asuba. Ba Tasalla ce za ta karɓi haihuwar ba, kunya ba za ta bari ba. Hansai ce a ɗakin, ƙanwar marigayi Malam Hamidu, wadda Tasalla ta koya wa aikin da kanta. Ita kuwa tana tsakar gida tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe sau biyu. Da hantsi ta ji kukan jariri. Mace ce, lafiyayya. Tasalla ta sunkuyar da kai ta yi hamdala yadda ba wanda zai ji.

Ba a jima ba Hansai ta leƙo, fuskarta ta sauya.

"Yaya, taho ki gani. Jinin nan bai yi mani ba."

Nan kunya ta kau. Tasalla ta shiga, kallo ɗaya ta yi ta gane. Mabiyiya ta faɗo amma ba duka ba, jini na bin tabarma. Ta ba ta ƙwayoyin nan da ake ba su don tsayar da jini, ta murza marar da ƙarfi, ta ɗaga ƙafafunta a kan buhu, ta sa jaririyar a nono. Ya ɗan lafa, ya sake ɓallewa. Wannan ya fi ƙarfin ɗaki, sai asibiti.

"Danna nan, kada ki saki ko da hannunki zai karye," ta ce da Hansai.

"Inna, sanyi nake ji," in ji Fiddausi.

"Ke, yi shiru. Yanzu mota za ta zo."

Ta fita da gudu, mace mai shekara sittin da ɗoriya, ta bi ta cikin gero har tudun filin Idi. Ta zaro wayar, ta sa lambar sirri guda shida, hotuna suka fito. Fuskoki bakwai, na Ramatu a sama. Ta ja ƙasa, ta ja sama, kamar in ta matsa fuska ta takwas za ta ɓullo. Ba ta ɓullo ba. Sai ta danna inda aka rubuta sabuwar rajista.

Tambayar farko suna. Yatsanta ya tsaya a sama. Shekara ashirin da biyu sunan nan bai fita daga bakinta ba, yau ga shi waya na neman sa. Ta shiga laluben baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ƙanana kamar ƙwayar gero, rana ta haske gilashin, jinin hannunta ya shafe rabin fuskar wayar har ta daina jin taɓi. Ta goge da bakin zane, ta rubuta. Sunan miji, ta rubuta, shi ma da tsawonsa. Mazaɓa: jerin sunaye ya zubo, ta Runka za ta zaɓa ko ta nan? Ta zaɓi ta nan. Sai ranar haihuwar mai cikin, rana da wata da shekara, na Bature. Tasalla ta san ranar sarai, a watan azumin tsofaffi ne, shekarar da ruwa ya rushe katangar masallaci, da yammacin Alhamis. Wayar ba ta da wurin wannan. Ta tsallake, wayar ta yi ja ta ƙi gaba. Ta ƙirƙiri wata rana ta cusa mata.

Duk wannan da rabin kai take yi. Ɗaya rabin yana ɗaki, yana auna jinin da ya zuba tun fitowarta, yana tambayar ko hannun Hansai ya gaji.

Ciki na nawa? Ta amsa. An taɓa ɓari? Ta amsa. Ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe? Wace uwa ce ke tambayar 'yar farinta wannan? Abin da ta sani kawai, bayan girbin dawa ne aka fara raɗe-raɗin cikin. Wani ɗan kalanda ya buɗe, lambobi cike da shi. Ta danna wata, ta danna rana. Wayar ta rubuto da ja cewa akwai kuskure, wai lissafin ya ba da cikin wata goma sha huɗu. Ta nemi hanyar gyarawa, ta ga kibiya mai komawa baya, ta danna. Komai ya goge. Wayar ta dawo da ita tambayar farko, fili fari fat, tana neman suna.

Tasalla ta yi salati da ƙarfi. Ta sake rubuta sunan. Wannan karon tana taɓa baƙi ɗaya wani na fitowa. Ta kai tambaya ta takwas, inda ake son lambar katin awo, katin da ke cikin kwalla a Runka, sai ta jiyo muryar wata maƙwabciya daga bakin gari tana ƙwala mata kira, wai Hansai ta ce ta zo, yarinyar ba ta amsawa. Ta ruga. Ta tarar Fiddausi ta sume, leɓɓanta sun yi fari. Ta yayyafa mata ruwa, ta karɓi dannar marar har ta buɗe ido, ta mayar wa Hansai, ta sake kama hanyar tudu. Kafin ta isa wayar ta kulle kanta, don haka aka tsara ta, in an bar ta jim kaɗan sai ta rufe, wai saboda tsare sirrin marasa lafiya. Lambar sirrin da take sawa kullum ba tare da tunani ba ta ɓace mata. Sau biyu tana kuskure, a na uku ta buɗe. Abin da ta cika duk ya tafi.

A karo na uku ta rubuta sunan tana kuka, ita da ba a taɓa ganin hawayenta a wurin aiki ba. Ta zuba wa wayar ƙarya duk inda ta nema, ranar ƙarya, lambar ƙarya, har ta kai ta ƙarshe, inda aka jero matsaloli goma sha huɗu da ƙaramin rubutu a ce ta zaɓi ɗaya. Zubar jini iri uku ne a ciki. Ta karanta su da baki kamar 'yar aji ɗaya, ta zaɓa. Wayar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta tabbata mana! Sai a lokacin jan madannin ya fito.

Da hantsi ta fara hawa tudun nan. Lokacin da ta danna ja, inuwarta ta dawo ƙarƙashin ƙafarta.

Armaya'u bai yi wasa ba, ko kaɗan. Ana kiran azahar ya tsaya a ƙofar gida, motar duk laka. Aka shimfiɗa katifa a baya, Tasalla ta ɗora kan 'yarta a cinya, Hansai ta rungume jaririyar. Sun wuce rabin hanya Fiddausi ta ja numfashi mai tsawo, ba ta sake jan wani ba. Tasalla ta shafe mata idanu, ta buga rufin motar, ta ce da Armaya'u ya juya.

A hanyar komawa ya tsaya a bakin wani rafi don ya duba zurfin ruwa. Ya zagayo baya, ya cire hula, ya yi mata gaisuwa. Hansai ce ta ba shi labarin abin da ya faru a tudu, tana yi tana share hanci. Mutumin kirki ne, bai nufi komai ba, abin ne ya ɗaure masa kai.

"Inna, ki gafarce ni. Ba wata mai ciki a wayar taki? Ai da kin danna hoton ko wace ce, ni dai tasowa zan yi. Mi ya dame ni da suna?"

Tasalla ta dube shi. Fuskoki bakwai, na Ramatu a sama. Taɓi biyu. 

Wannan magana ita ta ci ta, fiye da mutuwar kanta. Mutuwa ta san ta, ta sha gamuwa da ita a ɗakunan mutane, kuma ta yarda kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne, ita Tasalla, wadda ake kira in kowa ya ruɗe, ta tsaya a kan tudu da mafita a tafin hannunta ba ta gan ta ba. Wani lokaci ta ce kashedin karɓe waya ne ya toshe mata tunani. Wani lokaci ta ce ƙarya ne, ko tunawa da kashedin ba ta yi ba, tambayoyin ne suka cika mata kai har ba sauran wurin da dabara za ta shiga. Na biyun ne gaskiya. An ba mace mai jini a hannu, da 'ya tana mutuwa a ɗaki, aikin da sai mai zaune a inuwa da natsuwa zai iya, sannan a ce ta yi tunani. Amma duk wanda ya gaya mata haka sai ta kawo zancen taron ƙarshen wata, da bakin da ta buɗe ta rufe. Ta ji haushin wayar, ta ji haushin masu ita, ta ji haushin kunyar da ta gada, kuma ta fi jin haushin kanta.

Ranar suna Sharhabilu ya mayar wa jaririyar sunan uwarta. Dangi suka kawo laƙabi iri-iri don a sakaya, Tasalla ta ƙi. Ita ta karɓi riƙon yarinyar, da madarar gwangwani da nonon wata mai jego a maƙwabta aka raine ta. Wayar kuwa ta jefa ta cikin kwalla ta rufe. Wata biyu tana can, har ranar da naƙudar Ramatu ta zo a karkace. Tasalla ta buɗe kwallar da kanta, ta hau tudun, ta danna hoton da ya kamata ta danna tun ranar Talatar nan. Ramatu ta dawo da ɗa namiji.

Bayan wata shida aka sake kiran su Batsari, wai an sabunta manhaja. Ɗakin taron nan ne, fankar nan ce. Tasalla ta zauna a baya da goyonta. Kafin a fara Sadiqa ta ratso kujeru ta durƙusa a gabanta. Ta rame.

"Inna, ina kwana. An zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Inna, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari."

"Amin. Na gode."

Sadiqa ba ta tashi ba. Ta ce da ƙaramar murya, duk abin da aka taɓa a wayoyin yana zuwa musu ofis, ko an gama ko ba a gama ba. Ta ce ta ga sunan marigayiyar sau uku a rana ɗaya, da lokacin da aka fara kowanne, da inda aka tsaya. Ta ce tun ranar ba ta daina ganinsa ba. Ta kai maganar gaban manya, aka yi ta taro ana ja, kafin aka yarda a sauya.

Ta karɓi wayar Tasalla, ta yi 'yan taɓe-taɓe, ta miƙo mata. Babu lambar sirri, babu hotuna. Jan madanni ne guda ɗaya, babba, ya kusa cika fuskar wayar, da hoton mota a tsakiya.

"Gwaji ne yau, ba mai tasowa. Danna, Inna."

Tasalla ta ɗora yatsa. Wayar ta yi ƙara, wata murya ta ce da Hausa, mota tana zuwa. Tasalla ta jira. Ba abin da ya biyo baya.

"Tambayoyin fa?"

"Sai an isa asibiti. Malaman can za su cika."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

Tasalla ta daɗe tana kallon jan abin nan. 

"Ɗiyata, in tambaye ki. Wannan ɗin, yin sa da wuya? Wata nawa ya ɗauke ki?"

Sadiqa tana iya cewa wata shida, kuma ba wanda zai ƙaryata ta. Amma ba a yi ta da ƙarya ba. Ta sunkuyar da kai.

"Yini ɗaya ne, Inna. Da safe na fara, kafin la'asar na gama."

Tasalla ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi faɗa ba, ita da bakinta bai taɓa barin kowa ba. Ta mayar da wayar cikin jakar yadi ta rataya a wuya, domin akwai mata tara masu ciki da ke jiranta a gida, biyu a cikinsu 'yan goyon ciki ne. Sannan ta kwance majanyi, ta sauko da yarinyar, ta ɗora ta a hannun Sadiqa.

"Riƙe ta ki ji nauyinta," ta ce. "Duk ranar da za ki ƙara wata tambaya a cikin abin nan, ki tuna da shi."

Yarinyar ta ga baƙuwar fuska ta taɓe baki za ta yi kuka. Tasalla ta matso, ta kama ɗan yatsanta, ta kira ta da ƙarfi yadda duk ɗakin ya ji.

"Fiddausi. Yi shiru, Fiddausi, ga ni nan."